Dila a Ɗakin Jariri

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Longsight, ni da ɗana da matarsa, za mu Birmingham sunan jikan ƙanwata. Ni baƙuwa ce a Manchester, daga Kano na zo musu hutu, kuma har yau ban saba da tuƙin hannun hagu ba. Duk tirelar da ta wuce mu sai na riƙe kujera ina salati.

Ba mu fita unguwa ba na hango wani jan abu mai kaurin jela yana yaga ledar shara, ga kyanwa zaune kusa da shi, ko kallon juna ba sa yi. Ɗana ya ce dila ne, sun cika gari. Wai a biranen Amurka har da babban yayansa, koyoti, kowa ya san layinsa. Na ce garin da naman daji ke kiwo a bakin titi ai sai addu'a. A hanya muka tsaya shan shayi. Da na ji kuɗin kofi ɗaya, ƙishirwar ta tafi da kanta.

Da hantsi muka shiga unguwar Sparkbrook a Birmingham. Stratford Road cike da shagunan yadi da ƙamshin gashi, kamar Kantin Kwari aka yi wa wanka. Gidan siriri ne, da ɗan fili a baya mai katangar katako. An kawo ragon suna daga mahauta cikin kwalaye. Mu manya muka ɗaura zani, muka soya wani, sauran muka yanyanka sala-sala muka rataye a igiyar shanya, tunda Allah ya ba mu rana.

Maijego ta leƙo. "Inna, a nan ba a shanya nama a garden, filin bayan gida, fa. Foxes, dilolin nan, suna shigowa."

"Da rana tsaka, gida cike da mutane? Koma ki huta," in ji mu, har da dariya.

Jariri kuwa ya sha hannu. Kowa ta taso daga kan kasko sai ta ɗauke shi, ta shafa kansa, ta sa masa albarka. Da ya yi barci aka shimfiɗe shi a katifa a ɗakin baya, aka bar ƙofar fili a buɗe saboda hayaƙin suya.

Bayan la'asar duk aka koma falo sallamar baƙi. Na dawo ɗaukar mayafina, sai na same shi. Dila ne, ƙafafunsa na gaba a kan katifar, hancinsa a kan yaron, yana sansanar man naman da hannayenmu suka bari a 'yar farar hularsa.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ihu ya zo mini wuya, na haɗiye shi, don ban san abin da zai yi in ya firgita ba. Ya ɗago ya dube ni da idanu ruwan ɗorawa, ba alamar shakka, sannan ya mayar da kai, ya buɗe baki. Na runtse ido ina Innalillahi. Da na buɗe, yana ƙofa da hular a bakinsa, yana tafiya a natse. Ya haura katanga. Wani ɗan'uwansa na kan rufin maƙwabta, igiya kuma ba ko sala ɗaya.

Sai a sannan muryata ta fito. Surukata, matar ɗana, likita ce, ta tuɓe yaron ta duba shi ciki da bai, ko ƙwarzane babu. Maijego ta ƙanƙame shi, ta juya mana baya. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu ta leƙo tana ba mu haƙuri, wai ita ke ba dilolin abinci, ba ruwansu da mutane.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin a raina. Na koyi cewa al'adarmu ma sai an tambayi gari kafin a shanya ta, kuma 'yar da ta riga ka zama a wuri ta fi ka saninsa.

Muna tsayawa ƙofar gida saƙon maijego ya shigo wayar ɗana. Hoton hular ne, Baturiyar ta tsinto ta a filinta. Na duba inda haƙoran suka huda ta. Daidai maɗigar yaron ne.