Kaɗanya Uku a Gonar Kaka

In na ce muku kakata ta kama ni da laifi shekara talatin kafin in aikata shi, za ku ce Tanko ya fara ƙaryar tasa. To, ku ce. Ni ma da wani ne ya faɗa mini haka a teburin mai shayi, sai in ce a ƙara mishi burodi ya toshe baki. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

A Manga na tashi, gindin dutse. Babana soja ne, ana ta yawo da shi bariki-bariki, sai aka ajiye ni wurin Kaka da ƙanwarsa, Gwaggo Ladi. Da an gama girbin dawa sanyi ya sauko, ana cinye tuwo sai a hura wuta tsakar gida da kara da busassun rassa. Mu yara mu tura gyaɗa cikin toka, mu ƙona yatsu, mu zargi juna da sata. Kaka ta miƙe ƙafa, ta ce a kawo kunnuwa a bar bakuna a ƙofar gida. Da yarenmu C'lela take ba da labari, amma in ta zo inda sarki zai yi magana sai ta kumbura kumatu ta koma Hausa, mu yi ta birgima don dariya.

Wadda na fi so ita ce ta garin da aka ɗaure hadari. Wai mutanen dā sun kama hadari sun ɗaure shi a jikin wata bishiya da igiyar ciyawa mai kaurin cinyar bijimi. In ana son ruwa sai a ɗan ja, ya zubo. Igiyar ta tsufa. Kowace shekara sarki ya tara jama'a ya ce baɗi za a tufka sabuwa. Har ya naɗa Sarkin Igiya, aka yi kiɗa, aka ci nama. To matsalar, igiyar nan tana bakin hanyar mahauta. Duk wanda ya ci nama ya zo wucewa sai ya zari sili ɗaya ya yi sakace, ya ce ai sili ɗaya ne, kuma sarki ya ce zai gyara. Wata rana wani bawan Allah ya zari nasa, igiya ta ce ɓas, hadari ya kama gabansa, ko waiwaye bai yi ba.

Nan Kaka take tsayawa ta tambaye mu wa ya kori ruwa. Ni kullum kafin ta rufe baki na ce sarki. Wani dare ta dube ni ta ce, "Sarki maƙaryaci ne, ban hana ka ba. To mene ne wannan a hannunka?" Na duba. Ashe tun ɗazu zanar bayan ɗakinta nake zara ina cire gyaɗa daga haƙori. Yara suka yi mini ihu har karen maƙwabta ya taya su.

Kaka ta rasu, na girma, na dawo cikin Zuru. Yanzu ku da kanku kun ga yadda ruwa ya koma. Sai an yi shuka sau biyu ya yi shiru, ran da ya ga dama kuma ya zubo na wata guda a dare ɗaya ya tafi da gonar mutum. Rafin da muke wanka a ciki har Ista, yanzu kafin Kirsimeti yashi ne. Zafin bazara kuwa, na rantse na ga ƙadangare yana tafiya da ƙafa uku yana hutar da ɗaya.

In zagin gwamnati ne a kan wannan, ku tambaya, ni ne limami ni ne fasto. Kuma ba ƙarya nake ba. An taɓa zuwa da motoci aka kafa rumfa, wani babba ya dasa itace ɗaya da farar safar hannu, aka ɗauki hoto aka watse, kafin la'asar akuya ta rufe taron. A rediyo su ce hayaƙi ne ke dumama duniya, a daina girki da gawayi. Da me za a yi? Wuta ba ta zuwa, gas sai mai hali.

Abin da ba na faɗa a teburin mai shayi shi ne sana'ata. Injin sare itace gare ni, gawayi nake yi. Bara dillali ya kawo mota, kaya bai cika ba, itacen kusa duk mun share. Sai na tuna kaɗanya uku a gonar Kaka. Kakana ya yi golmo a gonar nan, shekara bakwai yana yi wa surukinsa noma kafin a ba shi auren Kaka, bai taɓa ɗaga musu gatari ba. A wurinmu kaɗanyar gona ta mata ce, namiji ba ya taɓa ta. Gwaggo Ladi, tun da mijinta ya rasu, da su take ci: ta tsinci ƙwara, ta yi man kaɗe, ta kai kasuwa.

Ranar Lahadi na je, don na san tana coci. Na ce ɗaya kawai. Kafin a tashi daga addu'a ukun suna ƙasa. Na jera, na rufe da ciyawa da ƙasa, na cinna. Kwana huɗu hayaƙin yana tashi, kuma daga ƙofar ɗakinta ana hangensa. Ba ta aiko ba, ba ta kai ni ƙara wurin dattawa ba. Wannan shirun ya fi mari.

Farkon daminar nan na hango Gwaggo a hanyar Mahuta, tana ɗingishi, da kwano a kai wanda ko rabi bai kai ba. Gonakin mutane take bi tana roƙon a bar ta ta tsinta. Ni Tanko mai baki, na laɓe da babur bayan tirela har ta wuce.

Tun ranar nake juya labarin Kaka. Ba ta taɓa wanke sarki ba, ni ne na riƙe rabin da ya yi mini daɗi na yar da sauran. Na kan ce hayaƙina nawa yake kusa da na masana'antun Turawa, kuma gaskiya ne, bai kai ko tari ba. Amma kaɗanya ba ta fara 'ya'ya sai jariri ya isa golmo, Gwaggo kuwa ba ta da waɗannan shekarun. Injin ma, kada in yi muku ƙarya, yana nan ƙarƙashin gadona, ban sayar ba.

Makon jiya na yi ƙarfin hali na ɗauki dashen mangwaro biyar na tafi Manga. Na durƙusa na gai da Gwaggo, ta amsa ba ta dube ni ba. Niyyata in ce ta yafe mini, amma baki ya saba da hanyarsa. Sai ga ni ina bayanin cewa da gwamnati ta kawo wuta, da ta ba matasa aiki, da ba wanda zai taɓa itace. Ta bar ni na yi ta zuba har yawuna ya ƙafe. Sannan ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce:

"Ni ban san gwamnati ba, Tanko, ban taɓa goya ta ba. Kai na goya."