Tsohon soja a kan rufin mota

A wurin hutun matafiya a Oklahoma, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ga wani tsoho can kan rufin motarsu mai ɗakin kwana yana kafa eriyar rediyon oba-oba. Hular tsofaffin sojoji ce a kansa. Wai ba shi da 'ya'yan da za su hana shi ne? Ni da ban san shi ba ma sai da na tsaya ina kallonsa.

Matarsa na riƙe da tsani. "Wendell, sauko mana, sarkin taurin kai. Ga walƙiya."

"Bari, Darlene. Yau 'yan bataliyarmu ke kiran suna ta rediyo. Wanda bai amsa ba, sai su ɗauka ya mutu."

"To faɗo ka gaskata su."

An soma yayyafi. Ko waiwayowa bai yi ba.