Ranar da Aka Yi wa Yayana Harbin Girmamawa

Yayana gandiroba ne, kuma a ƙauyenmu na bayan Sandamu wannan ba aikin da ake yi wa mutum barka da samunsa ba ne. In ya zo hutu da kakinsa, 'yan majalisar bakin masallaci sai su ce, "Ga mai gadin ɓarayi nan ya iso." Shi dariya yake yi. Ni kam ba na iya haɗiyewa, na sha tanka musu har aka ce ba ni da kunya. Baba kuwa abin yana cinsa a rai. A kasuwar dabbobi ta Daura, inda ya tsufa yana dillancin shanu, in aka tambaye shi aikin babban ɗansa sai ya ce ma'aikacin gwamnati ne, ya kawar da zancen.

A hanya aka kashe Yaya, suna kai fursunoni kotu. 'Yan bindiga ne suka tare motar. Ina gona aka kira ni a waya, na tsaya riƙe da fartanya ina ta cewa a sake faɗa, don kaina ya ƙi ɗauka. A ranar aka kawo shi, a ranar muka kai shi makwancinsa.

Bayan an share makoki sai aka aiko daga wurin aikinsa cewa za su zo su girmama shi a gaban iyayensa. Baba ya miƙe kamar ba shi ba. Tsohon da tun rasuwar ko masallaci sai an riƙe shi, ya bi gari gida-gida da ƙafarsa, har da gidajen 'yan majalisar nan. Abu ɗaya yake faɗa wa kowa: "Ku zo ku ji ko wane ne ɗana."

Kuma sun zo. Filin firamare ya cika, mata a inuwar ajujuwa, maza a kan tabarmi da bencina. Baba ya sa babbar rigarsa ta salla, aka ba shi kujera a gaba, ni ina gefensa. Abokan aikin Yaya suka jeru, aka busa begila, suka yi maci gwanin kyau. Sai na ga wasu daga cikinsu sun ɗaga bakin bindiga sama.

Babu wanda ya gaya mana za a yi harbi. Wallahi babu. Su a wurinsu ƙa'ida ce, sun ɗauka kowa ya sani. Mu kuwa, a 'yan shekarun nan ƙarar bindiga abu ɗaya take nufi, kuma bindigar ce ta ci wanda muka taru dominsa.

Da aka saki harbin farko, wata mata ta kurma ihu, "Sun shigo!" Shi ke nan. Manya da yara suka watse, wasu ta katanga, wasu cikin gero. Wata tsohuwa ta faɗi aka ja ta a ƙasa. Ni kaina ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙarƙashin benci ba. Da na ɗago, ban da masu kakin babu kowa a filin sai takalma da huluna, sai Baba zaune a kujerarsa, ko gezau bai yi ba.

Shugaban masu kakin ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Amma ya daure ya yi jawabinsa. Ya ce maharan sun ce Yaya ya ba da makullin da aka kulle fursunonin ya tsira da ransa, ya ƙi. Ban taɓa jin wannan ba sai a lokacin. Maganar da Baba ya tara gari don su ji ke nan, ga shi ana faɗa wa bencina. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan zaga.

Aka miƙa wa Baba tuta a ninke da hular Yaya. Ya karɓa hannu bibbiyu, ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ku ɗan jira su dawo mana. Ka sake faɗar abin da ka faɗa."

Mutumin ya durƙusa a gabansa. "Baba, ka yi haƙuri. Akwai direban motar, tare aka kashe su. Mahaifiyarsa tana can tana jiranmu kafin La'asar, kuma da nisa."

Baba ya daɗe yana shafa hular. Na ɗauka zai sake roƙo, har na buɗe baki zan taya shi, sai ya ɗaga mini hannu.

"To ku tashi, kada ku makara," ya ce. "Amma don Allah in kun isa, ku gaya wa mutanen garin kafin ku harba."