Tulun da Na Wanke wa Malam Bawa

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar mijina, Malam Bawa, amma har yau in na ga mace tana dirzar tukunya sai gabana ya faɗi.

Muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato lokacin, yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Argungu. A mujalla ya karanta cewa masana na kankaro dauɗar da ta maƙale cikin tulunan Rumawa su gane mai aka zuba ko kifi, yumɓun kuma ya faɗa musu inda aka gina su. Daga ranar ba mu huta ba. Da masunta suka tono wani tsohon tulu a gaɓar gulbi wajen Gulma, rungumo shi ya yi kamar jariri. Shekara biyu yana aika wasiƙu kafin wani malamin jami'a ya yarda ya zo. In aka samu abin bincike a ciki, zai ɗauki Malam ƙaro karatu, burin da ya daɗe yana ci masa rai.

Ana gobe baƙon zai iso, na leƙa tulun na ga baƙin datti kamar ƙanzo. A gidanmu, abin kunya ne baƙo ya ga ƙazantar kwano. Na ɗebo toka da soso na wanke shi tas. Rashin sani ya fi dare duhu.

"Wa yaw wanke tulun ga?"

"Ni ta, Malam."

Ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya ce, "Sannu da aiki."

Baƙon ya zo, ya leƙa, ya yaba girkina, ya tafi. Daga baya aka mayar da Malam ofis a Birnin Kebbi, teburi ɗaya har ritaya. Bai taɓa goranta mini ba. Wallahi da ya yi faɗa, da na samu sauƙi.

Yanzu jikata mai karatun kimiyya ta ce na'urorin zamani na zaƙulo man da yumɓu ya shanye, inda soso ba ya kaiwa. Da Malam na nan, na san ko takalmi ba zai tsaya nema ba.

Littattafansa gara ta ci. Haƙurinsa ne ya rage, shi nake ɗauke da shi, kuma yana da nauyi. Tulun yana ɗakina a unguwar Gesse, nan Birnin Kebbi. Jiya ma jikar ta roƙa in ba ta. Na ce ta bari sai bayan raina, don ba zan iya jin sunan abin da na wanke ba.