Ummaru Kafinta da Bencin da Akuya ta Ci

Ku da kuka san Ummaru Kafinta a Boɗinga, kun san ba ya wuce itace bai kankare ɓawonsa ya lasa ba. In ya ji danƙo, shi ke nan, sai ya tsaya yana murmushi kamar ya ga suruki. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, don haka babu abin da ban gani ba.

Lokacin tsuke bakin aljihu, gam na kanti ya ɓace, falanki ya gagari talaka, kafintoci suna ta rufe shago. Ummaru ya rantse shi ba zai rufe ba. Ya hana a share garin katako.

"Wanga ba shara na ba," in ji shi, "tebur na da bai tashi ba!"

Ya dinga kwaɓa shi da ƙaro, da sitacin rogo, yana dannewa da dutsen niƙa. Ran nan matarsa Hajo ta biyo shi har shago da ludayi a hannu.

"Malam, ina miyar kuɓewata?"

"Yi haƙuri, Hajo, tana wurin aiki."

Kai, Ummaru!

Bencinsa na farko na wannan haɗi, wurin bikin suna muka kai shi a Shagari. Ana cikin addu'a sai muka ga dattawa uku suna karkacewa a hankali, har suka zube. Ashe akuya ce ta shiga ƙarƙashi tana cin ƙafar bencin. Na ce yau kunya za ta kashe shi. Ina! Ya ɗaga hannu: "Jama'a, ku shaida, kayana babu algus. Ko dabba ta yarda!"

Bai daina ba, sai da ya dace da haɗin da ya kama. Silin ɗin shagona nasa ne, har yau bai zubo ba. Da wannan ya ciyar da gidansa har wahalar ta wuce.

Kwanaki jikata da ke jami'a take gaya mini yanzu masana suna niƙe zaren tsiro har ido ba ya ganinsa, su haɗa garin katako da shi ya zama falanki. Na yi dariya har hawaye, daga baya na ga hawayen sun ƙi tsayawa. Babu wanda nake son in ruga in gaya wa sai shi.

Allah shi jiƙan ka, Ummaru. Allah shi sa ka huta.