Baffa Ni-Ma Yana Son Gado

Baffana mai gyaran fanka ne. Tun yana yaro aka laƙaba masa Ni-Ma, don duk abin da aka ba yayarsa, wato Gwaggo, sai ya miƙa hannu ya ce, "Ni ma." Ranar da aka cire mata haƙori, birgima ya yi ta yi har aka duba nasa.

Da tsufa ya zo, shi ciwon zuciya ya kama shi, ita kuma ciwon daji. Likitoci suka ci gaba da yi masa magani, suka hana shi gishiri da maiƙo, suka haɗa shi da ma'aikatan rage raɗaɗi, masu zuwa gida su taimaka masa da numfashi da barci. Gwaggo kuwa ciwonta ya fi ƙarfin magani. Ta ce a bar ta ta huta, aka kai ta gidan jinyar ƙarshe.

Na raka shi dubiya. Muka tarar da ita jingine da matasai, tana lasar ayiskirim.

"Yaya! Wa ya ba ki wannan?"

"A nan abin da raina ke so nake ci."

Baffa ya juya ga nas ɗin da ke tsaye. "'Yar nan, gyara min gadon can. Ni ma."

"Baba, kai har yanzu ana yaƙar ciwonka, ana kuma rage maka wahala a gefe. Nan sai wanda aka daina nema wa waraka, ana lallaɓa shi ya ji daɗin kwanakin da suka rage masa."

"To a daina nema min!"

Na ce, "Kai da ka riga ni hawowa bene?"

Nan take ya miƙe a benci, ya rufe ido, ya saki baki, yana nishi. Sai fankar sama ta fara ƙara, ƙiiit, ƙiiit. Ya daure. Ya buɗe ido ɗaya. Can ya yi tsaki, ya zabura ya hau kujera, ya zaro sukundireba daga aljihu. Gwaggo ta yi dariya har ta ƙware.

Bai sami gadon ba, amma kullum yana can, yana cika mata kunne. Wata rana da hantsi ta cika, hannunta cikin nasa, yana tsakiyar ba ta labarin wani kwastoma mai taurin kai. Ya gane sarai. Sai da ya kai labarin ƙarshe, sannan ya ce min, "Je ka kira nas."