Hawan da Muka Yi da Kawu a Filin Ƙwallo

Ina shekarata ta huɗu ta karatu a Alƙahira Kawu ya zo neman magani. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi a Gusau bayan rasuwar mahaifina. Malamin wasanni ne a wata sakandare, ranar Asabar kuma yana alƙalancin ƙwallo. Na san shi ƙaƙƙarfan mutum, in ya busa usur har bayan katangar makaranta ana ji. Wanda na tarba a filin jirgi kuwa wuyansa ya zama kamar kara, ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa.

Na sauke shi a gidan da muke haya a unguwar Hayyin Ashir, mu huɗu ɗalibai, aka bar masa gadon da ke kusa da taga. Mako biyu muka yi muna zirga-zirgar asibiti, ni ne tafinta. Ranar da sakamako ya fito, likita ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya faɗa mini da Larabci cewa ciwon ya cinye hanta, babu aikin da za a yi. Ya ce in mayar da shi gida ya ga iyalinsa, wata biyu ne ko ƙasa da haka.

Kawu ya tambaye ni, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a fara shan magani, a dawo bayan wata shida a sake dubawa."

Ya gyaɗa kai, ya laluba takalminsa da ƙafa.

Ba mu samu gurbi a jirgin Kano ba sai nan da kwana goma sha biyu. A kwana na uku da safe ya ce in kai shi ya ga babban filin ƙwallon da muke wucewa ta gefensa in za mu asibiti. Ya ce shekara da shekaru yana jin wasannin da ake yi a cikinsa a rediyo, bai kamata ya zo har nan ya koma bai taka shi ba. Na kawo uzuri, ya ce ai likita bai hana shi tafiya ba, ko ya hana? Sai na ɗauko masa hularsa.

Ba ranar wasa ba ce. Mai gadin ƙofa, wani dattijo mai gashin baki, ya ce a rufe yake. Na yi masa bayanin cewa baƙon nan alƙalin wasa ne daga Najeriya. Ya kalli Kawu daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan cikin, sannan ya zare sakata ya ce, "Yalla, amma kada ku daɗe."

A can saman kujerun akwai wata hanya ta siminti da ta zagaye filin, da ƙarfen dafawa a bakinta. Can Kawu ya nuna. Taku goma, mu tsaya. Taku bakwai, mu tsaya. Daga baya ya koma biyar. Ina jin numfashinsa yana fita da wata ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa, amma duk lokacin da na ce mu koma sai ya matse mini hannu.

Da muka kai, bai ko kalli ciyawar filin ba. Ya dafa ƙarfen ya juya wa filin baya, yana kallon gari. Lokacin kaka ne, manoma na ƙona karan shinkafa a ƙauyuka, hayaƙi ya kwanta a kan birnin kamar tsohon bargo. Gidaje ne masu launin ƙasa har iyakar gani, kowane rufi da tarkacensa. Na nuna masa dutsen da ke kudu, da hasumiyoyin masallatai, da inda Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, take. Ya tambayi dalar Fir'auna, na ce hayaƙi ya rufe.

"Wancan wurin fa, mai ƙananan ɗakuna babu bene?"

"Maƙabarta ce, Kawu."

"Na ga shanya."

"Mutane na zaune a ciki. Waɗanda ba su samu gida ba."

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na yi makarantar allo, ka sani. Kalmar shahraini da likita ya faɗa ba ta fi ƙarfina ba. Wata biyu ya ce."

Na fara cewa wani abu, ya ɗaga hannu kamar yadda yake tsayar da ɗan wasa mai gardama.

"Ban ji haushi ba. Ni ma da haka zan yi. Abu ɗaya nake so, ka kai ni gida. Kada ka bar ni a garin nan, ban san kowa ba."

Na ce in sha Allahu.

Wajen saukowa ne amai ya zo masa, jini ne baƙi ƙirin a kan matakala. Ya zauna, ya kasa tashi. Na yi ta kira har mai gadin ya hawo da gudu. Ni na kama kafaɗu, shi ya kama ƙafafu, yana ta cewa ma'alish, ma'alish, wato sannu, ba komai. Kawu kuwa haƙuri yake ba shi saboda ya ɓata masa wuri.

Daga nan asibiti muka wuce, bai sake fitowa ba. Ya rasu bayan kwana shida, ranar Talata da hantsi, saura kwana uku jirginmu. Na je ofishin jakadanci, na je kamfanin jirgi, don a kai gawarsa gida, kowa ya yi mini ta'aziyya ya lissafa takardun da sai an yi mako biyu ana nema. Manyan ɗalibanmu suka zaunar da ni suka ce ƙasa duk ta Allah ce, jinkirta gawa ba kyau. Na yarda, kuma har yau ban san ko don hujjarsu na yarda ba ko don na gaji.

Kabarin can ba irin namu ba ne. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ana sauka ta matakala, a kwantar da mutum a kan yashi kusa da waɗanda suka riga shi. Ni na shiga da shi. Akwai likkafani uku a gefe, na wasu bayin Allah da ban sani ba. Na juya fuskarsa alƙibla, na kwance ƙullin kai, na fito, aka mayar da duwatsun da ke rufe bakin kabarin.

Da la'asar na je shagon waya na kira gidan maƙwabcinmu a Gusau, aka kirawo mini Inna, mahaifiyata. Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Ya bar wani saƙo?"

Mai shagon yana ƙwanƙwasa gilashin ɗakin wayar, akwai mutane a layi. Na ce mata a'a, bai bar komai ba.